Koren Ƙunshi

Babanmu Ɗanlasan mahauci ne a Gujungu.
Ina ɗan shekara tara ya miƙo mini wuƙa,
ya ɗora hannuna kan hantar akuya, da sauran ɗuminta.
Ya ce, "Ka ga koren ƙunshin nan? Bi shi sannu.
In ka fasa shi, cinikin yau ya tashi,
ko kare sai ya shinshina ya ba mu wuri."
Na ɓanɓare madaciya, na wurga ta bayan rumfa,
a zatona datti ne aka liƙa wa hanta.

Shekara ashirin ke nan.
Bana da rani ƙanena Talle ya goya tankin feshi a fadama,
hanci a buɗe, iska tana maido masa rabonsa.
Da la'asar baya ya riƙe, sai wurin mai tebur:
ja biyu, fara huɗu, a kora da jiƙo marar suna.
Haka kullum har tumatir ya nuna.
Ranar da muke ɗaure kwando na arba'in
na dubi idonsa, ruwan ɗorawa.
Sai na ji tawa ta kaɗa a mazauninta.

Malama Tabawa ta asibitin sha-ka-tafi
ba ta yi faɗa ba. Ta juya bayan kati, ta zana.
Ta ce, "Abin da hanji ya tsotsa,
tuwo ne, ƙwaya ce, sassaƙe ne,
jini ba ya kai shi ko'ina sai ya biya ta ƙofarta.
Baƙo marar jin ruwa, mai son laɓewa a kitse,
sai ta sare shi, ta sauya masa kama,
sannan ta ɗaura masa mariƙi yadda ruwa zai iya jan sa.
Wani ta sallama wa ƙoda, ya bi fitsari,
wani ta zuba a ruwan ɗaci, ya bi bayan gida.
Amma tsakanin saran da ɗaurin akwai ƙaya:
wani baƙon, in an sare shi, ya fi dafi.
In sun zo tururuwa, igiyar ɗauri ta ƙare,
sai su juyo su ci mai gidan a ɗakinta."

Na ce, "To koren fa?"
Ta ce, "Ai sabulunta ne.
Da maiƙon jiki take dafa shi, dare da rana,
launin kuma na tsohon jini ne da ya gama aiki.
Madaciya randa ce kawai, ajiya take yi.
Ka ci tsire, ta matse, kitse ya tarwatse
kamar man shanu a ƙwarya in ya gamu da ruwan toka.
Gishirin ma ba a yar da shi:
hanji ya kwashe, ya maido mata abinta."

Na tuna Baba yana feɗe raƙumi a Maigatari,
yana dariya: "Wannan bai da ƙunshi!"
Ashe ɗacin yana nan, randar ce babu,
kai tsaye yake gangara daga hanta.

An tura mu Dutse awon jini.
A mota Talle ya jingina da ni, bai ce uffan ba.
Malama ta ce tana tsirowa kamar zogalen da aka datse
in an bar ta ta huta,
ta kuma ce ba kowane datsi ke tofo ba.
Na riƙe maganar farko, ta biyun ta riƙe ni.

Jiya na yanka ɗan bunsuru na sadaka.
Da na zo kan koren ƙunshi, wuƙar ta tsaya.
Na daɗe ina kallonsa a tafin hannu,
ɗan abu, bai kai goro ba.
Ban wurga shi ba.
Na tona rami gindin tsamiyar Baba,
na sa madaciyar, na rufe ta.